Daga injin ciki zuwa na rataye: yaya ake ƙarfafa allon bayan jirgi?

Alhaji Ɗanjuma, Lagdo
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar kafintoci da makanikai nake nema. Jirgin katako ne, tsawo mita 10, faɗi mita 2 da santi 20, yana ɗaukar mutane da buhunan kifi, in an cika shi kayan kan kai tan biyu da rabi. Injin gazuwal, wato dizal, ne a cikinsa mai silinda uku, ya buga, kayan gyaransa kuma sai an aika Duwala. Ana so a fitar da shi a rataya orbor, wato injin rataye, a baya, Yamaha mai doki 40 ko 75. Allon bayan falle ɗaya ne, kaurin mili 30, da ƙusa aka buga shi, tsaye yake cak, daga ƙasan jirgi zuwa baki santi 80. An ce a ƙara masa falle ɗaya kawai a rataya. Hakan ya isa?

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Wa alaikumus salam Alhaji. Bai isa ba. Wannan allo da kake gani marfi ne, aikinsa tare ruwa, tun da aka ƙera jirgin bai taɓa tura shi ba. Injin ciki yana tura jirgi ta sandar farfela, ƙarfin ya shiga giya, ya sauka ta ƙafafun inji kan dogayen katakan nan biyu da yake zaune a kai, wato gadon inji, daga nan ya bazu cikin haƙarƙarin jirgi. Ranar da aka rataya orbor, nauyi da turi da girgiza duk sun dawo kan marfin. Ko ka yi masa kaurin tafin hannu, muddin ƙusa ce ke riƙe da shi a bakin katakan gefe, gaba ɗayansa zai riƙa motsi, ƙusoshin su faɗaɗa raminsu, ruwa ya fara tsattsafowa ta kusurwa. Kaurin ana so, amma babban aikin shi ne a ɗaure allon da tsohon gadon inji.

Injiniya Bashir, Garwa
Bari in sa wa maganar Usta lissafi. A ƙaddara inji mai doki 40 yana turi da kilo 200 lokacin da aka ba shi totur jirgi na tsaye da kaya. Tsakiyar farfela tana kusan santi 70 ƙasa da bakin allo. Maƙalin inji yana kama allo a wuri biyu: sama, wajen santi 7 daga baki, da ƙasa, wajen santi 27. Tsakaninsu santi 20 ke nan, daga na ƙasa zuwa farfela kuma santi 43. To 200 sau 43 a raba da 20, ya ba da 430. Kilo 430 ne ke jan saman allo zuwa baya, kilo 630 kuma ke danna ƙasan maƙalin zuwa cikin jirgi. Ba a ma sa nauyin injin kansa ba, kilo 70 da ɗoriya, da yake reto a waje. In ƙafar inji ta daki kututture, kuma Alhaji ya fi ni sanin itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, abin juyewa yake yi nan take, ƙasa ta fizgo baya, sama ta danna ciki. Wannan lanƙwasa gaba da baya ita ke cinye allo, ba nauyi ba.

Garba Mai Walda, Kusuri
Ni a ganina kada a taɓa allon da zarto don yanke wa inji wurin zama. A haɗa karagar ƙarfe da korniya, wato ƙarfe mai kusurwa, mili 50 a 50 mai kaurin mili 5, a ɗaure ta a waje da bulon, wato ƙusa mai noti, injin ya zauna a kanta a tsayin da ya dace. Allo ya tsaya da tsayinsa na santi 80, ruwa ba ya shigowa ta baya. Aikin kwana biyu ne.

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Malam Garba, kowa da kiwon da ya karɓe shi, mai walda karaga yake gani. Don kan injin ya samu wurin kwantawa in an ɗaga shi, sai karagar ta fita baya santi 45 ko 50. Nauyin ya yi nisa da allo ke nan, jan da yake wa bulon na sama ya ƙaru. Sannan Yamaha Enduro 40 da hannu ake tuƙa shi. Hannun zai tarar da katangar santi 80 a gabansa, ta ina direba zai kama? Uku, a ruwanmu sau nawa ake ɗaga inji a yini don cire ciyawa da guntun taru daga farfela? Wanda zai kwanta a kan allo ya miƙa jiki rabin mita bisa ruwa, wata rana shi da farfela za su gaisa.

Garba Mai Walda, Kusuri
Na karɓi maganar hannun tuƙi. Amma in 75 ne mai sitiyari da waya, karaga tana da wurinta.

Injiniya Bashir, Garwa
Tana da shi, sai dai ita ma sai an tokare allon daga ciki, bulon ɗinta su bi ta cikin tokaran. Amma mu fara raba gardamar 40 da 75, don girman aikin ya dogara da ita. Jirgin da aka ƙera don injin ciki yawanci mai keta ruwa ne, ba mai hawa kan ruwa ba. Irinsa yana da iyakar gudu: a ɗauki tsawon da ke taɓa ruwa, a fitar da tushensa, a ninka da 4.5. Mita 9, tushensa 3, ya ba da kilomita 13 da rabi a awa. Doki 40 zai kai shi nan da kayansa. 75 zai ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, gindin jirgi ya nutse, goshi ya ɗaga, fetur ya tafi. Nauyinsa kuma ya haura kilo 110.

Direba Modu, Darak
Injiniya, wannan lissafi naka bai zo Darak ba. Jirage nawa ne a nan masu 75 da ke wuce wannan gudun nesa ba kusa ba?

Injiniya Bashir, Garwa
Gaskiyarka Modu, amma duba siffarsu. Dogaye ne sirara, ƙasansu shimfiɗe har baya, tun farko don orbor aka yi su. Siririn jirgi yana karya wannan ƙa'ida. Na Alhaji mita 10 ne a faɗin 2.20, da tan biyu da rabi a ciki, kuma ina kyautata zaton ƙasansa ya ɗago sama a baya don farfelar ciki ta samu wuri. Alhaji, haka ne?

Alhaji Ɗanjuma, Lagdo
Haka ne, ya ɗago kaɗan. In babu kaya ƙasan allon da ƙyar yake taɓa ruwa, in an cika kuwa yana nutsewa kamar santi 25 zuwa 30.

Malam Isa Makanike, Maga
To wannan shi ne wurin da ake faɗuwa. Ƙafar orbor iri uku ce a suna: gajera santi 38, doguwa santi 51, mai tsawo sosai santi 64. A suna na ce, don in ka sa mita a jikin injin za ka ga ya ɗara haka da 'yan santi. Kada a yanka komai sai injin ya zo an auna shi, daga cikin maƙalin da ke hawa bakin allo zuwa faffaɗan farantin da ke saman farfela. Farantin nan ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da bai wuce mili 25 ba. Tunda jirgin babu kaya ƙasan allonsa a bakin ruwa yake, a ɗauki iyakar, a sauke shi mili 25 ɗin. In ya yi sama, farfela za ta ja iska, injin ya yi kuka jirgi bai tafi ba, kuma ramukan shan ruwan sanyaya inji su riƙa fita daga ruwa, robar famfo ta ƙone. Doguwar ƙafa za ka saya Alhaji, gajera ba ta aikin nan.

Abu na biyu, tsayuwar allon cak matsala ce. Maƙalin orbor an yi shi ne don allon da samansa ya kwanta baya da digiri 12 zuwa 15. A kan allo mai tsayuwa cak, ko ka sa sandar daidaitawa a ramin farko, ƙafar za ta karkata waje, farfela tana haƙa gindin jirgi ƙasa.

Garba Mai Walda, Kusuri
Sai a sa katako mai siffar gatari a tsakani, kauri a sama, siriri a ƙasa.

Malam Isa Makanike, Maga
A injin da ake ɗaurewa da bulon zalla, e. A mai matsi na hannu ba zai shiga ba. Digiri 12 a tsawon santi 30 yana cin fiye da santi 6 a sama. Ka tara da kaurin allo mili 60, ka wuce santi 12, bakin matsin kuwa bai fi santi 6 da wani abu yake buɗewa ba.

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Shi ya sa ni ba na gyara tsohon allo a irin wannan aiki, cire shi ake yi. Ga yadda ake bi.

Kafin a fitar da jirgin daga ruwa, bayan an sauke tsohon inji da giya da sanda, a ɗora buhunan yashi kilo 75 a kan allo, mutum ɗaya ya zauna inda direba zai zauna, a yi alama da fenti inda ruwa ya tsaya. A sake yi da cikakken kaya. Alamun nan biyu su ne za su faɗa maka komai daga baya, kuma ba su ci ko dala ba.

A ja jirgin tudu, a kafa shi daidai, a buga katako biyu a gicciye kusa da baya don kada gefuna su buɗe in allo ya fita. A zana layin yanka a gefuna: sama ta tsaya inda take, ƙasa ta shigo gaba santi 17. Wannan shi ne digiri 12 a tsayin santi 80. Riba biyu ce: ka samu kwanciyar da inji ke so, ka kuma zubar da bakin katakan da tsoffin ƙusoshi suka farfasa, inda ruɓa take farawa. In ka yanka ka ga bakin katako baƙi ne ko wuƙa tana shiga da sauƙi, ƙara matsawa gaba har ka samu mai rai.

Sai firam: katako mai tauri mili 60 a 80, ya bi gefe biyu da ƙasa ta ciki. Katakan jikin jirgi a kansa za su kama, kowanne da bulon mili 8 ko dogon sukuru, ba a cikin bakin allo ba, don ƙusar da ta shiga ta kan jijiyar katako ba ta riƙo. Allon kansa falle biyu na mili 30. Na waje a kwance, gefe zuwa gefe. Na ciki a tsaye, faɗin santi 80 a tsakiya ya isa. Jijiyar ɗaya ta gicciye ta ɗaya, shi ke hana tsagewa. Tsakaninsu a shafa kwalta mai kauri ko gam na efoksi, kada a bar wurin da ruwa zai kwanta. A wurin da matsi zai kama, in 60 ta yi masa yawa a fere ta ciki har ya shiga da 'yar sarara.

Katako kuwa: loko, ko madaci, ko kawo. Farin katakon nan ayus da ya cika kasuwannin Garwa da Marwa da Kusuri, na silin ne da akwati. Rondel, wato wosha, yana nutsewa cikinsa kamar a tuwo, damina biyu ya ruɓe.

Alhaji Ɗanjuma, Lagdo
Allah ya saka da alheri Usta. Ɗaurin da ka ce da gadon inji fa?

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Nan ne zuciyar aikin. Gadon inji yawanci yana ƙarewa mita ɗaya ko fiye kafin allo. A tsawaita kowanne da katako 60 a 120 har ya tokari allo, sabon ya kwanta a jikin tsohon aƙalla santi 70, bulon 12 guda huɗu, a jere su sama da ƙasa kada su bi layi ɗaya. Kada a dogara da gam a nan, tsohon gadon ya sha gazuwal da baƙin mai shekara da shekaru, ba abin da zai manne masa. Duk haƙarƙarin da sabon katakon ya haye, a ɗaure su tare.

A kan kowanne a kafa gwiwa. Hannu ɗaya ya hau allo har kusa da bakin wurin inji, santi 45, ɗayan ya kwanta a kan gadon santi 75 ko 80. Bulon uku a kowane hannu, su fita ta ɗaya gefen, da rondel mai faɗi. Gwiwar da aka yanko daga miƙaƙƙen katako ba gwiwa ba ce, a kusurwa jijiyarta gajera ce, nan za ta ɓalle. A nemi reshen ƙirya ko madaci da Allah ya lanƙwasa da kansa, a sassaƙe shi. In ba a samu ba, a nan ne Malam Garba zai ci abincinsa: korniya 50 a 50, a yi ta kusurwa uku da tokara a tsakiya, a auna kusurwar a jikin jirgin don ba 90 ba ce yanzu.

Saura biyu. Gungume 60 a 100 a kwance daga gefe zuwa gefe, daf da ƙasan wurin da aka yanke wa inji, shi ke maye ƙarfin bakin allon da aka datse. Da ƙananan gwiwoyi biyu a kusurwoyin sama, inda allo ya haɗu da leɓen jirgi, hannu santi 35 zuwa 40.

Direba Modu, Darak
Ku yi maganar ruwan da ke shigowa ta baya, shi ke kashe mutane ba tsagewar allo ba. An yanke wurin inji ya sauko wajen santi 53. Jirgi da kaya ya nutse 30. Saura santi 23 tsakanin ruwa da ciki. Direba ya saki totur gaba ɗaya a mashiga, igiyar da jirgin ya tayar ta biyo shi ta haye. Ko iskar hunturu ta taso, taguwa na bin ka a baya.

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Ba a barin sa haka. Ana yin kwarya a gaban inji: katanga ta biyu, santi 55 zuwa 60 gaba da allo, tsayinta ya kai leɓen jirgi, da gefe biyu, da daɓe. Daɓen ya zauna sama da alamar fentin cikakken kaya, ya gangara baya, da rami biyu na mili 25 da ke fitar da ruwa ta allo. Abin da ya haye ya koma inda ya fito. A ɗaga injin har ƙarshe, a juya shi dama da hagu, a tabbata kansa bai taɓa katangar ba kafin a buga ta. In an yi gefunan kwaryar a kan layin gwiwoyi, su ma sun zama tokara. Faɗin yankan kuma kada a yi ƙiyasi, a gwada da kwali. Kusurwoyinsa na ƙasa a zagaye su kamar bakin kofi, kusurwa mai kaifi daga ita tsaga take tashi.

Malam Isa Makanike, Maga
In daɓen ya ƙi zama sama da alamar, maganar ta ƙare: ko a nemi ƙafa mai santi 64, ko a rage kaya. Ramin fitar da ruwa da ke ƙarƙashin ruwa, ramin shigo da ruwa ne.

Alhaji Ɗanjuma, Lagdo
Bulon wane iri? Wani ya ce inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wani ya ce asarar kuɗi ne.

Garba Mai Walda, Kusuri
Ruwanmu ba na gishiri ba ne, Lagdo ko Logon ko Shari ko tafkin Chadi. Galba na gaske, wanda aka tsoma cikin tutiya, launinsa toka-toka mai kaushi, ya isa aikin katako. Mai ƙyallin nan fari fes na shagon kayan gini, rufinsa bai kai fatar albasa ba. Baƙin ƙarfe kuwa tsatsarsa tana cin katakon da ke kewaye da shi, ramin ya yi baƙi ya faɗaɗa.

Injiniya Bashir, Garwa
Na yarda, amma waɗanda za su bi ta maƙalin inji a sa inoks 12 ko girman da ramin maƙalin ya karɓa, noti biyu ko mai roba a ciki, a shafa musu giris. Kuma a sa su ɗin, kada a bar 40 a kan matsin hannu kaɗai, girgiza tana kwance shi. Ta ciki farantin ƙarfe mai mili 5 ko 6 ya haɗa bulon biyu, maimakon rondel ɗaiɗai. Inda tafin matsi ke dannawa a sa faranti mili 3 mai ɗan leɓe a sama, in matsi ya saki injin ba zai zame ya fita ba. Da sarƙa daga inji zuwa gwiwa. Ga masu manyan injuna, ramukan galibi iri ɗaya ne: na sama mili 327 tsakaninsu, na ƙasa 251, daga sama zuwa ƙasa 203. Duk da haka a kan maƙalin ake auna wa, ba a kan takarda ba.

Abakar, Bol
Salamu alaikum manya. Duk wannan na katako ne. Wanda nasa na faiba ne fa, mita 7, allon fata ɗaya ce kamar mili 6?

Injiniya Bashir, Garwa
Ƙa'idar ɗaya ce Abakar, kayan aiki ne suka bambanta. A fara wanke cikin da omo da ruwan zafi har mai ya fita, kafin giranda, wato injin gogewa, ta taɓa shi, in ba haka ba giranda za ta tura man cikin faiba. A goge allon duka har faiba tsirara, a shiga gefuna da ƙasa santi 20. Kwantar-filake, wato filawud, falle biyu na mili 18. Kafin ka saya, yanki guntu ka tafasa shi awa uku ko huɗu, in ya ɓare ba na ruwa ba ne. A shafe kowane falle da rezin, wato gam ɗin da ake jiƙa faiba da shi, musamman bakinsa, a manna na farko da rezin mai kauri, a matse da bulon na wucin gadi da katako a waje har ya tsattsafo ta kowane gefe. Rami a tsakani shi ne gidan ruwa. A cike kusurwoyi su yi zagaye, don zaren faiba ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi. Sai ɗauri da gefe da ƙasa sau uku, faɗin santi 10, 15, 20, sannan a rufe fuskar duka har mili 4 ko 5. Tabarmar faiba mai giram 450 tana ba da kusan mili 1 a falle, tana shan kusan kilo ɗaya na rezin a murabba'in mita. Gwiwoyi biyu na kwantar-filake zuwa gadon inji, a rufe su da faiba.

Zafin Maris zuwa Mayu shi ne abokin gaba. In rezin na foliyesta ne, maganin daskarewa kashi 1 cikin 100, wato mililita 10 a kilo, kada a sauka ƙasa da haka. A dama rabin kilo kawai a lokaci ɗaya, da sassafe, a inuwa. Kilo biyu a bokiti da rana tsaka hayaƙi zai yi ya daskare kafin ka kai rabi. Efoksi ya fi kama tsohuwar faiba da katako, in an samu. Yana hawa kan foliyesta, amma foliyesta ba ta kama shi da kyau, don haka in ka fara da efoksi da shi za ka gama.

Kowane ramin bulon a huda shi mili 20, a cike da efoksi mai kauri, ya bushe, a sake huda 13 a tsakiya. Ruwa ba zai ga katako ba. Ramin tsohuwar sandar farfela kuma a fere bakinsa sau 12 na kaurin jikin: mili 8 ya zama kusan santi 10 a kewaye, a cike falle bisa falle.

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Madalla da ka tuna ramuka. A na katako guda huɗu ne ake mantawa da ɗaya: na sandar farfela, na sandar juya jirgi, na shan ruwa, na hayaƙi. A zare bututun, a sassaƙa toshi mai tsini daga busasshen katako marar tauri sosai, a tsoma a kwalta a buga. Zai kumbura ya kama. Ƙirya a nan za ta iya tsaga wurin. A rufe da faci ciki da waje. Sai ƙashin da ya sauko ƙarƙashin jirgi inda tsohuwar farfela take: in ya zo kusa da allo yana farfasa ruwan da ke zuwa wa sabuwar, ta riƙa jan iska a kwana. A datse santi 45 na ƙarshe, a fere bakin abin da ya rage ya yi siriri. Kada a cire shi duka, shi ke hana jirgi zamewa gefe in iska ta bugo.

Direba Modu, Darak
Me zai hana 40 biyu? Ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗaya ya kai ka gida.

Malam Isa Makanike, Maga
Kilo 145 a gindin jirgin da tun yanzu muke lissafin santi 23? Kuma yankan zai haura mita ɗaya, allon ya zama babu. In tsoron mutuwar inji ne, 15 bai kai kilo 40 ba, a kwantar da shi a gaba, a tsakiyar jirgi.

Maganar nauyi ma, Alhaji: tsohon inji da giya da sanda wataƙila kilo 250 ne, a ƙasa, a tsakiya. Sun tafi, jirgin zai yi sama ya riƙa layi in babu kaya. A sa buhunan yashi kilo 100 zuwa 150 a ƙasa, gaba kaɗan da inda injin yake, a ɗaure su. Farfela kuma a ɗauki mai lamba 10 ko 11 a ƙarshe maimakon 13, don da kaya injin ya kai juyinsa na 4500 zuwa 5500 a minti. In bai kai ba yana wahala, fulogi na baƙi, fetur na tafiya. Shi 40 a totur cike yana shan kusan lita 20 a awa, wannan a sa shi cikin lissafin kuɗin haya tun yanzu, gazuwal bai saba maka da haka ba.

Baba Sale, Yagwa
Yara kun yi magana mai kyau, abu ɗaya ban ji ba. Fetur ba gazuwal ba ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake sauka ya kwanta. Kada a zuba shi a tsohon tanki, kada a ajiye jarka cikin akwatin tsohon inji a rufe. Tankin inji ya zauna a fili, a inuwa, nesa da batir. Fasinjan da ya saba kunna taba ko hura gawayin shayi a kan akwatin nan, a gaya masa zamani ya canza.

Alhaji Ɗanjuma, Lagdo
Mun ji Baba, Allah ya ƙara girma. An tsaya a 40 mai doguwar ƙafa, sabon allo, gwiwoyi da kwarya. Usta, katakon da za a kawo ɗanye ne, jira nawa?

Usta Hamidu Kafinta, Bulangwa
Mili 30 a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a ɗora nauyi a sama, a rufe bakinsa da fenti. A iskar rani wata biyu zuwa uku. In aka shanya shi a rana tsagewa zai yi, in aka sa shi ɗanye zai ƙanƙance bulon su yi sako-sako. Jirgin kansa kada ya daɗe a tudu ba rufi, a shimfiɗa masa zana a riƙa yayyafa ruwa. Ranar gwaji a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi a gaɓa, a sa giya, a ƙara totur a hankali, mutum ɗaya ya ɗora yatsa a mahaɗar allo da gefe, wani a kan gwiwa. Motsin da ido bai gani ba yatsa zai ji. A sake a ribas. Bayan awa 10 na aiki a bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana, a sake bayan wata guda, sannan duk farkon damina.